Hanyar da Ke Bayan Ido: Tarihin Masu Maganin Gani Daga Ƙofar Kwaya

Duk wanda ya san birnin Katsina tun zamanin da ganuwarsa ke tsaye, kafin ruwan damina da masu ɗibar ƙasar gini su cinye mafi yawanta, ya san cewa kowace ƙofa tana da irin nata baƙi gwargwadon ƙasar da ta fuskanta: Ƙofar Ƙaura ta masu zuwa Kano ce, Ƙofar Guga ta masu nufin Jibiya da Maraɗi, Ƙofar 'Yandaka ita ce wadda Gwamna Lugga ya shigo ta cikinta a 1903, Ƙofar Kwaya kuwa ita ke karɓar mutanen kudu, masu bin hanyar da a yau ake kira hanyar Dutsin-ma. A cikin masu shigowa ta wannan ƙofa, bayan masu jakunan hatsi da almajirai masu neman karatu a birnin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ba a taɓa rasa wani irin matafiyi ba, watau dattijo riƙe da gindin sanda, yaro ɗan jagora riƙe da kanta, sun baro ƙauye domin an ce musu a birni akwai mai magani. Makanta tsohuwar abokiyar zama ce a ƙasar Hausa, har ta kai ga sarakuna suna naɗa Sarkin Makafi a manyan garuruwa domin ya shugabanci jama'arsa, ya raba musu gardama. Harshenmu kuma ya ba cututtukan ido sunaye daban-daban, da yana, da hakiya, da amodari, da dundumi, abin da ke nuna cewa kakanninmu sun daɗe suna lura da su, suna bambance wannan da wancan.

Masu maganin ido a da sun kasu gida uku. Na farko su ne iyaye mata da ungozomomi, waɗanda makaminsu tandun kwalli ne, suna zizara wa jariri tun kafin ranar suna, bisa al'ada da kuma dogaro ga hadisan da suka yaba wa tozalin ismidi. Sai dai binciken zamani ya nuna cewa yawancin kwallin kasuwa dutsen dalma ne, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Na biyu su ne malamai, masu rubutun sha da tofi da littattafan ɗibbu, irin su Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma wanda ake jinginawa ga Imamu Suyuɗi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da yaƙe-yaƙe, sai da ya wallafa risala a kan maganin ido, ya kuma nemi Baturen nan Kilafatan, da ya ziyarce shi a 1824, a aiko masa da likita ya zauna Sakkwato. Na uku kuwa, waɗanda su ne suka fi ban mamaki kuma suka fi haɗari, su ne masu kwantar da yana, masu yawo gari gari da 'yar jakarsu, suna sauka gidan mai unguwa ko mai gari, a yi shela cewa mai buɗe ido ya zo.

Ga yadda aikinsu yake. A zaunar da majiyyaci a ƙasa, a wuri mai haske, wani ƙaƙƙarfa ya durƙusa bayansa ya rungume kansa a ƙirji, shi kuma mai aikin ya zauna gaba da gaba da shi, ya ɗauki allura ko wani siririn ƙarfe, ya huda farin ido daf da inda ya haɗu da baƙi, ya tura sannu a hankali har tsinin ya taɓa farin abin nan da ya toshe tsakiyar ido, sa'an nan ya danna shi ƙasa har ya tsinke daga maƙalinsa ya nutse cikin ruwan bayan ido. Nan take haske ya sami hanya. Mai aikin ya ɗaga yatsunsa ya ce, "Baba, nawa ka gani?" Dattijon da ya shekara uku bai ga fuskar jikansa ba ya ce, "Biyu!" Sai gida ya kaure da guɗa da salati, a biya lada, kuɗi ko akuya ko damin gero, kafin kwana uku kuma baƙo ya yi gaba. Abin da ke biyo baya shi kaɗai ba ya gani: sau da yawa idon yakan yi ja, ya kumbura, ya riƙa zugi dare da rana, hasken da aka samu ya dushe, wannan karon kuwa ba dawowa. Wanda ma ya tsira, tun da an kawar masa da madubin da Allah ya halitta a cikin ido domin tattara haske, ba ya ganin komai sai dishi-dishi in ba da tabarau mai kauri ba. Binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya tarar cewa, cikin idanun da aka yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 cikin 100 kwantar da ita aka yi irin na gargajiya, mafi yawansu kuma har a lokacin makafi ne. Dokta Mansur Rabi'u kuwa, a binciken da ya buga a 2001 kan karkarar Jihar Katsina, ya nuna cewa rashin kuɗi ne babban abin da ke hana mutane zuwa asibiti.

Wannan sana'a ba a ƙasar Hausa aka fara ta ba, domin likitocin Hindu da na Rum da na Bagadaza duk sun yi ta, kuma tun can masu hankali daga cikinsu suka yi karo da wata mas'ala wadda ita ce maƙasudin wannan bayani: me ya sa za a kawar wa mutum biyu yana iri ɗaya, da hannu ɗaya, ɗaya ya gani, ɗayan kuwa ya zauna cikin duhu alhali idonsa ya yi garau? Jalinusa, babban likitan Rumawa na ƙarni na 2, ya amsa da cewa a bayan kowane ido akwai wata jijiya mai rami a tsakiya, wadda ruhin gani ke gangarowa ta cikinta daga ƙwaƙwalwa, in ta toshe kuwa gyaran ido aikin banza ne. Hunainu ɗan Is'haƙa, wanda ya rasu a 873, ya tsara wannan ra'ayi da Larabci a cikin maƙaloli goma da ya rubuta a kan ido, likitocin ido na Musulunci kuma suka gina wata jarrabawa a kansa, wadda sukan yi kafin su taɓa allura: a rufe ido ɗaya, a dubi ɗigon tsakiyar ɗayan, in ya buɗe to hanya na nan, in ya tsaya cik sai a ba majiyyaci haƙuri. Bayaninsu na ruhi bai tabbata ba, jijiyar ma ba ta da irin ramin da suka zata, amma basirarsu ta dace, domin har gobe likitan ido yakan haska 'yar fitila ya duba motsin wannan ɗigo kafin ya sa ranar tiyata. Daga baya Alhasan ɗan Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kafa hujja a cikin Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga waje, surar abin da aka gani kuma ta bi jijiyoyin biyu har inda suka haɗu. Halifa ɗan Abil Mahasin na Halab, a ƙarni na 13, har zana hoton wannan mahaɗa ya yi a littafinsa. Sai dai abin da ya fi yaɗuwa a zaurukan malamanmu shi ne ɗibbun Annabi da taƙaitattun littattafai na magunguna, mai allura kuwa ya gāji hannu ne daga ubangidansa ba tare da wannan bahasi ba.

To, mene ne haƙiƙanin wannan jijiya? A can ƙuryar ido akwai wani tantani mai laushi wanda shi ne ke karɓar haske, kamar yadda wani masani mai suna Kefila ya bayyana a 1604, daga cikinsa kuma zarurruka sirara fiye da miliyan 1 ke fita a kowane ido, su dunƙule su zama igiya guda. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa igiyar dama da ta hagu sukan gamu a wata mararraba, inda zarurrukan da suka taso daga ɓangaren hanci, watau rabi da 'yan kai, ke ƙetarewa zuwa ɗaya gefen, na ɓangaren kunne kuma su zauna gefensu, abin da Ishaƙu Niyuton ya yi hasashensa a 1704 ta hanyar ƙiyasi kawai. Daga nan su isa wani masauki a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wasu zarurrukan kuma su karɓi saƙon su kai shi ƙeya, inda gani ke tabbata. Abin da ke ɗaure kai shi ne tsarin: maƙwabta biyu a cikin ido sukan sauka a maƙwabtan gurabu a ƙwaƙwalwa, har ya zama akwai cikakkiyar taswirar abin da ido ke kallo shimfiɗe a can ciki. Duk wannan kuwa ana fara shi ne tun tayi bai cika wata biyu ba, a cikin duhun mahaifa, inda ba a taɓa ganin komai ba balle a ce gani ne ya koyar.

Wanda ya fara hango yadda abin ke faruwa wani likita ne ɗan ƙasar Sifen, Santiyago Ramon Kahal, wanda a 1890, yana duban tayin ɗan tsako a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga cewa kan kowane zare mai tsiro yana da wani ɗan dunƙule mai yatsu, daga baya kuma ya ce lalle wannan dunƙule ne ke laluben hanya, yana bin alamar wasu sinadarai da ke kiransa daga nesa. A matattun yanka ya gan shi, saboda haka da yawa suka yi shakka, sai a 1907 Ros Harison na Amurka ya ɗora tsokar tayin kwaɗo a ɗigon ruwan jiki, ya zauna yana kallon zaren yana miƙewa da ransa. Wanda ya san tsarin ayarin fatake na da, irin waɗanda ke tashi daga Katsina zuwa Gwanja neman goro, zai gane al'amarin nan da nan. Ayari ba ya tafiya da ka, yana da jagaba a gaba mai karanta alamun hanya, ba ya kuma nufar Gwanja a zama ɗaya, sai zango zango, kowane zango da alamar da ke nuna na gaba, waɗanda suka zo daga baya kuma sawun na farko suke bi. Haka zaren ido yake: dunƙulen nan shi ne jagaba, zangonsa na fari shi ne mafitar ido, inda wani sinadari mai suna netirin ke jawo shi, na biyu mararraba, na uku masaukinsa, 'yan ƙalilan da suka fara fita kuma su ne ke share wa dubbai hanya.

Saura tambaya mafi wuya: in zare ya isa masauki, ta yaya yake sanin gurbinsa a cikin dubban gurabu? Malaman wancan zamani da yawa suna ganin cewa zarurruka na sauka ne barkatai, sa'an nan amfani da koyo su daidaita su. Roja Siferi ya gwada wannan magana a 1943 da shekarun da suka biyo, da kwaɗi da wasu 'yan dabbobin ruwa masu kama da ƙadangare, waɗanda Allah ya ba baiwar da bai ba ɗan Adam ba, watau in an yanke musu jijiyar gani sai ta sake tsirowa. Ya yanke jijiyar, ya juya ƙwayar idon a gurbinta har sama ta koma ƙasa, gaba ta koma baya, ya bar dabbar ta warke. Da gani ya dawo, in ƙuda ya gilma ta sama sai kwaɗo ya kai cafka ƙasa, in ya ɓullo ta gaba sai ya juya baya. Haka ya dawwama, yunwa ba ta koya masa ba, tsawon lokaci bai gyara shi ba. Ma'anar wannan ita ce kowane zare ya koma ainihin gurbinsa na asali, bai kula da cewa idon da ya fito daga ciki ya juye ba. A 1963 Siferi ya tattara hujjojinsa ya ce lalle kowane zare yana ɗauke da wata shaida ta sinadari, gurbinsa ma yana da wadda ta dace da ita, kuma ba sai an yi shaida miliyan ba, ya isa a sami sinadari biyu ko uku waɗanda yawansu ke ƙaruwa daki-daki daga wannan gefe zuwa wancan.

An shekara fiye da ashirin ana neman waɗannan sinadarai ba a kama su ba, sai Firidirik Bonhofa, a garin Tubingen na Jamus, ya fito da wata dabara a 1987. Ya ɗebo fatar ƙwayoyin halitta daga gaban masaukin gani na ɗan tsako da kuma bayansa, ya shimfiɗa su layi layi, ɗaya na gaba ɗaya na baya, ya saki zarurrukan ido a kansu. Waɗanda suka fito daga ɓangaren kunne suka bi layukan gaba kaɗai, suka ƙaurace wa na baya. Da aka bincika kuma sai aka tarar ƙyamar wani abu da ke bayan ce ke kora su. A 1995 ɗakin bincikensa da na Jon Filanagan a Jami'ar Habad suka gano abin, wanda a yau ake kira efirin: yana da yawa a bayan masauki, yana raguwa zuwa gaba, zarurrukan kuma sun bambanta wajen jin zafinsa, mai saurin ji ya tsaya tun daga bakin ƙofa, mai jurewa ya wuce ciki, da haka kowa ya sami wurinsa bisa tartibi. A mararraba ma irin wannan hukunci ne ke aiki, domin an nuna a jikin ɓera, a 2003, cewa wani ɗan'uwan wannan sinadari ne ke tsaye a tsakiya yana mayar da zarurrukan da ba a nufe su da ƙetarewa ba. Wannan ya taɓa mu kai tsaye ta wajen 'yan'uwanmu zabiya, domin ƙarancin launi a tantanin idonsu tun suna ciki yakan sa zarurruka fiye da ƙima su ƙetare, wannan kuwa yana cikin dalilan raunin ganinsu; halitta ce mai sababi sananne, babu ruwanta da camfe-camfen da jahilci ke jingina musu.

Sinadarai dai shata hanya suke yi, ba su gama aikin ba. Tayi yakan fitar da zarurruka fiye da bukata, sama da miliyan 3 a kowace jijiya wajen wata na huɗu, sa'an nan kusan kashi biyu cikin uku su mutu kafin haihuwa, a bar waɗanda suka dace da gurbinsu. An kuma gano, a ɗakin binciken Karla Shats a 1991, cewa tun ido bai buɗe ba tantaninsa yana aika saƙonni da kansa, rukuni bayan rukuni, maƙwabta suna motsawa tare, ƙwaƙwalwa kuma tana ƙarfafa haɗin waɗanda suka yi magana lokaci guda. Bayan haihuwa sai haske ya karɓi aikin, nan ne kuma darasi mafi nauyi yake. Dauda Hubel da Tosten Wizel sun nuna a 1963 cewa in aka rufe wa ɗan kyanwa ido ɗaya a watanninsa na farko, sa'an nan aka buɗe, idon lafiyarsa lau amma ba ya gani, domin ɗayan ya mamaye masa gurabunsa a ƙwaƙwalwa. Babbar kyanwa kuwa ko an rufe mata na tsawon lokaci ba abin da ke samunta. A 1981 aka ba su lambar Nobel saboda wannan aiki, a shekarar da Siferi ma ya karɓi tasa, ko da yake tasa ta wani bincike ce dabam, a kan ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu.

Yanzu amsar tsohuwar mas'alar Jalinusa ta fito sarari, ta kuma raba cututtukan ido gida biyu, rabon da mai allura bai taɓa saninsa ba. Akwai ciwon da ya tsaya a ido, kamar yanar tsufa, wanda ko an jima ana iya gyara shi, tun da hanyar da ke bayansa ta ginu tun ƙuruciya. Maganinsa ma ya canja ƙwarai tun daga 1747, da Dabiyel na Faransa ya fara fitar da yanar waje ɗungum maimakon nutsar da ita, zuwa 1949, da Harol Ridili ya dasa madubin roba a gurbinta a Landan. Wannan aiki ya iso mana ta asibitin ido na mishan da aka buɗe a Kano a 1943, daga baya ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, yau kuma ana yin sa a Katsina kanta cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Akwai kuma ciwon da ya taɓa hanyar, wanda jinkiri a cikinsa hasara ce tabbatacciya, domin jijiyar ganin ɗan Adam in ta mutu ba ta sake tsirowa irin ta kwaɗo, duk da ƙoƙarin da masana ke yi tun 1985, lokacin da Albat Agwayo da abokin aikinsa suka nuna a Kanada cewa zaren idon ɓera yana iya miƙewa in an shimfiɗa masa wata jijiya ya bi. Hawan jinin ido, wanda binciken ƙasa da muka ambata ya same shi na biyu bayan yana wajen makantar da mutane, irin wannan ne: yana cinye zarurrukan ɗaya bayan ɗaya, daga gefe zuwa tsakiya, galibi ba zafi ba ja, mai shi bai farga ba sai ya fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidansa.

Saboda haka wajibi ne a sauya wata tsohuwar ɗabi'a tamu, ta cewa a bari yaro ya girma tukuna, ko a bari ciwo ya nuna. Jaririn da aka haifa da farin ɗigo a tsakiyar ido, likitoci suna son a yi masa aiki cikin wata biyu na farko. Yaro mai harara-garke, wanda ake yi wa dariya a ce zai daina, yana bukatar a duba shi tun kafin ya kai shekara bakwai, lokacin da ƙwaƙwalwarsa ba ta riga ta yi watsi da idon da ya karkace ba. Wanda kuma ya haura arba'in, musamman in akwai makanta a danginsa, ya kamata a auna masa ƙarfin ruwan ido ko da yana karanta Alƙur'ani ba tabarau. Neman magani umarni ne na shari'a, ba ya kuma warware tawakkali. Malaman masallatai da masu unguwanni da ungozomomi, waɗanda su ne jama'a ke fara kai wa kuka kafin likita, su ya fi kamata su riƙe wannan bambanci tsakanin ciwon da ke jira da wanda ba ya jira, su kuma faɗe shi a wurin suna da wurin ɗaurin aure, inda iyayen yara ke taruwa.